MARI A ƘAFAR BALIGI: WA YA BA MU WANNAN IZNI?

  

Ranar Alhamis 26 ga Satumba, 2019, wato a ƙarshen watan Muharram na 1441, 'yan sanda suka fasa wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, gidan da ke ɗauke da sunan makarantar Islamiyya da wurin gyaran hali. Suka fito da mutane fiye da 300, yara da manya, da yawansu da mari a ƙafa, bayansu kuwa duk shatar bulala, wasu ma ba sa iya miƙewa sai an kama su. Cikinsu har da waɗanda aka kawo daga Burkina Faso da Mali da Gana. Kafin a yi wata biyu sai abin ya zama kamar an buɗe bakin rumbu: an kuɓutar da mutum 67 a Daura, da wasu ɗaruruwa a cikin birnin Katsina, da mutum 147 a wani gida na biyu a Rigasa, da 11 a Zariya, da 108 a Ilori, da 259 a Ibadan. Waɗanda aka kwance a wannan ɗan tsakani sun doshi 1,500. Da yawa daga cikinsu sun ba da labarin duka da yunwa da rataya, wasu kuma suka ba da labarin abin da baki ba ya iya maimaitawa, wal'iyazu billahi.

Shekaru sun shige, ƙura ta lafa. A lokacin, da yawanmu abin da muka fi damuwa da shi shi ne yadda gidajen rediyon ƙasashen waje suke maimaita kalmar "makarantar Islamiyya", muka ce maƙiya sun samu abin da suke nema. Na'am, sun samu. Amma wa ya ba su? Maƙiyi bai ƙera marin nan ba, maƙerin garinmu ne ya ƙera shi, kuɗinmu aka ba shi lada, kuma ƙafar ɗanmu aka sa wa. Mutumin da ya ce yana kira zuwa ga Sunna da gyaran al'umma, in ya ga ɓarnar da ake yi da sunan addini ya kawar da kai don kada a ji kunya, to ya fifita sunansa a kan haƙƙin wanda aka zalunta. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

An fi yin magana a kan yaran da aka samu a waɗannan gidaje, kuma sun cancanci a yi. Ni a nan a kan manya nake son mu tsaya, domin su ne aka fi mancewa. Akwai saurayi mai shekara 25 da shaye-shaye ya kama. Akwai magidanci da taɓin hankali ya same shi bayan ya yi aure ya haifu. Akwai mai farfaɗiya da aka ce aljanu ne. Akwai macen da hankalinta ya gushe a cikin jego, da wadda laifinta kawai ta ƙi zaman auren da aka yi mata. Akwai tsoho mai gigin tsufa da ya fara fita cikin dare, yana kiran sunayen waɗanda suka rasu. Abin da ya haɗa su duka abu ɗaya ne: maganarsu ba ta da nauyi. In yaro ya yi kuka, zuciya takan karaya. In kuwa wanda aka riga aka kira mahaukaci ko ɗan ƙwaya ya ce an dake shi, sai a ce ciwon ne yake magana. Ka ga ke nan mai son cutar da shi ya samu mutumin da ba shi da shaida ko da a kan jikinsa.

Ba zan yi wa iyaye rashin adalci ba. Mu da ke nan Lolo, a bakin iyakar Nijeriya da Binin, mun san abin da ke kai uba ga wannan mataki. Yaro ya tashi yana noman shinkafa a fadama ko yana kabu-kabu tsakanin Lolo da Madekali, abokai suka nuna masa tiramol, wai don ya jure gajiya. Daga nan sai wiwi, sai sholisho, sai kodin, wanda gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi tun watan Mayun 2018 amma bai ɓace daga hannun matasa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Wata rana yaron nan ya sayar da buhun iri, wata rana ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu. Ina uba zai kai shi? Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da muka sani yana Kware, gaba da Sakkwato. Kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum uku, da kuɗin gado da na magani, sun isa cinye amfanin gonar shekara. Likitocin wannan fanni kuma, ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Sai wani ya zo ya ce akwai wani malam a gari kaza, in ya riƙe shi wata shida zai dawo kamar an sake haihuwarsa. Uban da ya yarda ba mugu ba ne, mutum ne da ruwa ya ƙare wa ɗan kadansa. Sai dai uzurin mai kaiwa ba ya halatta aikin mai karɓa, kuma kyakkyawar niyya ba ta mayar da haram halal.

Bari mu koma ga shari'a, tunda da sunanta ake yin abin.

Wanda hankalinsa ya gushe, malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa babu taklifi a kansa har sai ya farfaɗo. Ba a tsayar masa da haddi, ba a kama shi da furucinsa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Sayyidina Umar (RA) wata mace mai taɓin hankali da ta aikata alfasha, har ya yi umarni da a hukunta ta, Sayyidina Ali (RA) ya tunatar da shi halinta, nan take ya sake ta. To, ya kai ɗan'uwa mai karatu, wanda Allah Ya ɗauke wa hukunci a kan babban laifi irin wannan, wane mahaluƙi ne zai zane shi don ya yi fitsari a kwance ko don ya kasa haddace sura? A cikin Sahihu Muslim kuma akwai labarin wata mace da ke da wani abu a hankalinta, ta tare Manzon Allah (SAW) ta ce tana da buƙata. Bai kore ta ba, bai sa a riƙe ta ba. Ya kira ta da alkunya, ya ba ta zaɓin inda za su tsaya, ya saurare ta har ta gama. Wannan ita ce Sunna a wannan babi, kuma ba mu ji a ruwaya ɗaya ingantacciya cewa an taɓa sa wa mara lafiya turu a Madina ba.

Wani zai ce ai uba yana da iko a kan ɗansa. A nan ne jahilci ya fi yi mana ɓarna. Littattafan mazhabarmu ta Malikiyya, tun daga Muhtasar na Halilu har sharhohinsa, suna da babi sukutum a kan hajru, wato hana mutum tasarrufi saboda ƙuruciya ko hauka ko wauta. Abu na farko da ɗalibi zai lura da shi shi ne, hajru a kan dukiya yake. An sa shi don a tsare wa mai rauni abin hannunsa kada a cuce shi, kuma daga cikin dukiyar nan ake ciyar da shi, a tufatar da shi, a yi masa magana mai daɗi, kamar yadda farkon Suratun Nisa'i ya karantar. Ba lasisin ɗaure ƙafa ba ne. Abu na biyu, Shaihu Ahmad Dardir ya bayyana a sharhinsa cewa wanda ya haukace tun kafin ya balaga, al'amarinsa yana hannun uba ko wasiyyi. Wanda kuwa ciwon ya same shi bayan ya balaga da hankalinsa, al'amarinsa yana hannun alƙali, in babu alƙali sai jama'ar Musulmi. Dubi wannan hikima. Malaman nan sun san cewa dangi ma mutane ne, akwai gado, akwai gona, akwai kishi tsakanin ɗakuna, akwai ɗan'uwan da zai fi son a ce wane ya taɓu a kan a raba gida da shi. Saboda haka ba su bar 'yancin baligi a hannun wanda zai iya amfana da ɓacewarsa ba. Mu kuwa yau, wa ko baffa ya isa ya kira ƙarti huɗu da dare, a danne magidanci a jefa shi mota, a ajiye shi shekara biyu, ba alƙali, ba likita, ba takarda, ba ranar fita.

Shi kuma mai shaye-shaye, wanda hankalinsa yana nan, ko da mun ce mai laifi ne, wa ke da ikon hukunta shi? Haddi da ta'aziri aikin shugaba ne da alƙalinsa, bayan shaida da sauraro. Buhari da Muslim sun ruwaito hani a kan wuce bulala goma in ba a haddi ba. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman makaranta, ya iyakance dukan ladabi ga bulala uku, ba a ƙarawa sai da dalili da izni, kuma ba a haura goma. Malamin da ya ƙetare iyaka har ya yi lahani, lamuni yana kansa. Wannan fa a kan yaro ne da ake koya wa karatu. Ina kuma ga baligin da ake yi wa bulala safe da yamma wata da watanni? A zamanin Annabi (SAW) an yi wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya. Da wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. An hukunta shi gwargwadon laifinsa, ya koma cikin jama'a yana salla a sahu. Ba a ɗauke masa mutunci ba.

Har fursunan da alƙali ya ɗaure da hujja, shari'a ba ta sake shi a hannun mai gadi ba. Alƙali Abu Yusuf, a littafin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid a kan haraji, ya nemi a ciyar da 'yan kurkuku daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi, ya kuma kawo umarnin Umar ɗan Abdul'aziz ga gwamnoninsa cewa kada a bar Musulmi cikin marin da zai hana shi yin salla a tsaye. A gidajen da muke magana a kansu kuwa, mutum biyu ake haɗawa a mari ɗaya, su je bayan gida tare, su kwanta tare. Wace alwala, wace salla?

Saura hujjar da aka fi fakewa da ita, wato aljani. Suna cewa ba shi muke duka ba, wanda ke jikinsa muke duka, har su jingina abin ga wasu hikayoyi daga magabata. Ba mu musun samuwar aljanu, ba mu kuma musun ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta. Amma muna tambaya: in aljani ake duka, don me tabon yake fitowa a bayan ɗan Adam? Aljani ne ake kaiwa wurin maɗori da karyayyen hannu? Kuma da wane ma'auni ka tabbatar aljani ne, ba farfaɗiya ba, ba zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ba, ba ciwon barin ƙwaya ba? Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah (SAW), kamar yadda Buhari da Muslim suka kawo, abin da ya dame ta shi ne jikinta yana yayewa in ta faɗi, sai ya yi mata addu'a a kan haka. Suturarta ya kula da ita. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, mai ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. Duk wanda ya karɓi kuɗi ya ce zai warkar da taɓin hankali, mutum ya mutu ko ya nakasa a hannunsa, kalmar "kwana ne ya ƙare" ba za ta wanke shi ba, a nan duniya balle gobe.

To, in mutum ya ɗauki adda fa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma wanda ya taɓa kwana gida ɗaya da mai irin wannan ciwo ba zai raina ta ba. Kare rai wajibi ne, kuma lalura tana halatta a riƙe shi har a kai shi ga mai magani. Sai dai ƙa'idar malamai ita ce lalura ana auna ta da gwargwadonta. Riƙon sa'o'i kaɗan har a samu allura ko mota daban, turu na shekara uku daban. Ba ma ɓoye cewa asibitocin Musulmi na da can ma sun yi amfani da sarƙa. Ibnu Jubairu, matafiyin Andalus da ya shiga Dimashƙa a 1184, ya ga mahaukata cikin sarƙa a asibitinta. Amma ya ga wani abu kuma: mai kula da asibitin yana da kundi mai sunan kowane majinyaci da abin da ake kashe masa na abinci da magani, likitoci kuma suna kewayawa kowace safiya. Asibitin da Ahmad ɗan Ɗulun ya gina a Misra wajen 872 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma masu tarihi sun ce shi sarkin da kansa yakan je ranar Juma'a ya duba marasa lafiya da ma'aikata. Su ba su da maganin da ke kwantar da irin wannan ciwo, don sai a 1952 aka fara amfani da na farkonsa a Faransa. Mu muna da shi, wasu nau'o'insa ma ba su da tsada. Sai muka ɗauki sarƙarsu, wadda ita ce uzurin zamaninsu, muka bar kundinsu da likitansu da ziyarar sarkinsu.

A ganina nan tushen ciwon yake. Ba rawani ne ke jawo zalunci ba, rufaffiyar ƙofa ce. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a watan Nuwamban 2019 bayan ta ziyarci wurare 28 da ake tsare masu taɓin hankali a Nijeriya, ta samu ana ɗaure mutane a 27 daga ciki. Akwai na malamai, akwai na majami'u, akwai na masu maganin gargajiya, akwai kuma na gwamnati kanta. A cikin gidajenmu ma haka ne. A watan Agustan 2020 aka samu wani yaro ɗan shekara 10 a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi ɗaure a wurin dabbobi, aka ce ya shekara biyu a nan. A cikin watan dai aka fito da wani mutum mai kimanin shekara 30 daga garejin gidansu a Kano, da wani mai shekara 55 a Rogo, wanda aka ce ya shekara 30 a ɗaure. Duk waɗannan suna da maƙwabta, kuma akwai masallaci a unguwarsu. Ingila ma, duk da kuɗinta da dokokinta, a 2011 sai da ɗan jarida ya shiga da ɓoyayyar kyamara sannan aka gano azabar da ake yi wa naƙasassu a wani gidan jinya kusa da Biristol, har kotu ta samu ma'aikata 11 da laifi. Duk inda aka haɗa mai ƙarfi da mai rauni a ɗaki ɗaya, aka tabbatar wa mai ƙarfi cewa ba mai leƙowa, Shaiɗan ya samu wurin zama, ko da kuwa allon ƙofar ɗauke yake da aya.

Mu mutanen bakin iyaka muna da ƙarin haɗari. Danginmu suna Madekali da Malanbil da Gaya kamar yadda suke Illo da Kaoje da Kamba, kuma neman magani ba ya tambayar fasfo. Ana tsallakawa da mara lafiya can, ana tsallako da shi nan. Wanda aka raba da garinsu, aka ajiye shi inda hakiminsa ba shi da iko, wani lokaci ma ba ya jin harshen masu tsaronsa, in ya mutu wa zai tambaya? Baƙin da aka samu a Rigasa misali ne. Kuma a ƙasar Binin ɗin nan da muke gani da ido akwai abin da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai. Wani mutumin ƙasar, Gregoire Ahongbonon, Kirista, wanda asalin sana'arsa faci ce, ya fara tattara masu taɓin hankali a titunan Buwake ta Kwaddibuwa, yana shiga ƙauyuka da guduma da zarto yana yanke musu sarƙa. Ƙungiyarsa ta Saint Camille ta buɗe cibiyoyi a Binin, har da garin Jugu, wanda mafi yawan mutanensa Musulmi ne. Ana ba su magani, ana koya musu sana'a, da yawa daga ma'aikatan ma tsofaffin majinyata ne. Mai faci ya yi wannan. Mu da muke ƙasar Gwandu, ƙasar Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya yi rubutu a kan maslahar addini da ta jiki, ga kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya wallafa littattafai a kan magunguna, me muka gina?

Rufe gidajen kawai ba zai wadatar ba, domin buƙatar da ta haife su tana nan. In aka rufe na cikin birni ba a buɗe wata ƙofa ba, sai a koma ƙauye, ko ɗakin baya, ko ƙetaren iyaka. A Afirka ta Kudu, a 2016, hukumar lardin Gauteng ta kwashe masu taɓin hankali daga asibiti ta rarraba su a gidajen da ba su cancanta ba don rage kashe kuɗi, mutum 144 suka mutu. Doka kuma ba a rasa ta ba. Sashe na 34 da na 35 na tsarin mulkin 1999 sun hana azabtarwa da tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. A farkon 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawan mulki. Amma takardar da aka sa wa hannu a Abuja ba ta da ƙafar da za ta tako zuwa Lolo.

Abin da zai tako shi ne hisba, da ma'anarta ta asali. A 931, da wani mara lafiya ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya umarci muhtasibi da ya hana kowa yin magani sai Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi ya ba shi takarda, aka jarraba fiye da mutum 800. Ashe rajista da bincike ba bidi'ar Nasara ba ce, kayanmu ne da muka yar. Mun iya tara 'yan agaji su tsare filin wa'azi kwana uku. Me zai hana kowane reshe ya ware mutum huɗu ko biyar, da limami, da ma'aikacin asibitin gari, da wakilin mai gari, da dattijuwa ɗaya aƙalla saboda mata, su san duk wani gida a yankinsu da ake ajiye manya da sunan magani ko gyaran hali? Su shiga ba tare da sanarwa ba. Su nemi kundi: wane ne wannan, wa ya kawo shi, yaushe, wane likita ya gan shi, wane alƙali ya yarda a tsare shi, yaushe zai fita? Su keɓe da kowane mutum inda mai gida da yaransa ba sa ji, su dubi idon sawunsa da bayansa, su ga abin da yake ci da inda yake kewayawa. In ya yi ƙorafi a rubuta a bincika, domin mai taɓin hankali yana iya ruɗewa a kan abu goma ya faɗi gaskiya a kan na sha ɗaya, kuma tabo ba ya ruɗewa. Mace kuwa kada a bar ta ta kwana a hannun maza da sunan ruƙiyya, ko wane ne malamin. Haramcin keɓewa bai faɗi don tana rashin lafiya ba, ƙaruwa ma ya yi. Malami na Allah ba zai ƙi wannan ba, don kariya ce gare shi daga zargi. Wanda ya tare ƙofa, ya riga ya ba da amsa.

In an samu duka mai lahani, ko fyaɗe, ko mutuwar da ba a bayyana ba, maganar ta wuce sulhun zaure. A kai ta ga 'yan sanda da kotu da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Rufin asiri da shari'a ta kwaɗaitar da shi na mai saɓon da ya tsaya a kansa ne, ba na wanda ke da mutum talatin a kulle yana jiran na talatin da ɗaya ba. Almajiri ko mai dafa abinci ko maƙwabcin da ya tona, a tsaya masa, kada a bari a mayar da shi maƙiyin malamai.

Kuma a daina kai mutum a ajiye a juya baya. Likita Thomas Adeoye Lambo, a tsarin da ya fara a ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, ya sa marasa lafiya su sauka a gidajen mutanen gari, kowanne tare da ɗan'uwansa, da rana su je asibiti, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Ɗan'uwan da ke kwana kusa ya fi kowane sufeto. Haɗa addu'a da maganin asibiti ma an gwada shi. Wani bincike da aka yi a Ibadan da Kumasi, aka buga a 2020, ya nuna cewa inda ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar masu maganin gargajiya da na addini, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Wani kuma da aka yi a wani sansanin addu'a a Gana, aka buga a 2018, ya nuna magani ya rage ciwo amma bai rage kwanakin da mutane suka yi cikin sarƙa ba. Wato ko an samu ƙwaya da allura, marin ba zai fita da kansa ba sai an samu wanda zai tsaya ya ce a cire.

Kuɗin mota zuwa Kware da kuɗin maganin wata-wata su ne suke tura talaka gidan mari, kuma wanda ciwo ya hana shi nema yana cikin farkon waɗanda suka cancanci zakka. Mu da muke fitar da zakkar shinkafa da gero kowace kaka, ware wani kaso saboda wannan bai fi ƙarfinmu ba. A taron reshe mai zuwa, kafin a shiga maganar siminti da kwanon rufin masallaci, ina roƙon shugabanni su sa a rubuta sunayen mutanen garin da aka kai wani wuri saboda taɓin hankali ko shaye-shaye, da inda kowannensu yake, da ranar ƙarshe da wani nasa ya gan shi ido da ido. Duk wanda aka samu an yi wata guda ba a gan shi ba, a tashi mutum biyu su tafi a cikin makon.